Gilas, apolo da yawur: sana'ar kayan sanyi a garuruwan jahar Maradi

Kayan sanyi a bakin mutanen jahar Maradi shi ne duk abin zaƙin da ake sanyayawa ko a daskarar a saida ma jama'a lokacin zafi, tun daga gilas na madara, wanda ƴan uwanmu na Katsina da Kano ke ce ma askirim, har apolo na leda da yawur da ita kanta ƙanƙarar ruwa zalla. A cikin birnin Maradi akwai wuraren da mutum zai shiga ya zauna a kawo mishi gilas a kofi da ɗan cokali, amma da ka bar birni ka nufi Tibiri ko Gidan Rumji ko Madarumfa, ko ka bi gudro ta gabas zuwa Agye, Gazawa da Tasawa, abin da ake kira wurin kayan sanyi galibi firiza guda ce, ko a kusurwar butik ko a zaure ko a ɗakin matar gida. Duk sana'ar a kan wannan firiza take tsaye, ita da wutar da ke shiga cikinta.

Sunaye

Gilas daga faransanci aka aro ta, glace, kuma ko a can kalmar abu biyu take nufi, ƙanƙara da kuma haɗin madarar da aka daskarar, shi ya sa in ka ce a ba ka gilas a ƙaramin gari kar ka yi mamaki a miƙo maka dunƙulen ƙanƙara cikin leda. Ita ƙanƙara tsohuwar kalmar Hausa ce, tun kafin firigo ya zo ƙasar nan ana kiran wadda ke zubowa tare da ruwan sama da wannan suna, haka dutsen ƙyastu. Apolo kuwa ruwan zaƙi ne da aka ƙulla a ƴar leda ya daskare, yaro ya ciji kusurwa ya yi ta tsotsa, kuma ba shi da haɗi da ciwon idon nan da shi ma ake kira apolo. Yawur na leda mutane da yawa solani suke ce mishi ko da wane kamfani ya yi shi, saboda na kamfanin madara na SOLANI ne suka fara sani.

Inda abin ya fito

Haɗa madara da sukari a daskarar ba sabon abu ba ne, a ƙarni na 17 ana yin sa a Italiya da Faransa, sai dai abincin manya ne don ƙanƙarar daga duwatsu ake kawo ta ko a adana ta hunturu a rami. A 1843 wata mata a Amurka, Nancy Johnson, ta yi rajistar injin juya gilas da hannu, tukunya cikin bokitin ƙanƙara da gishiri, a 1851 kuma Jacob Fussell, mai saida madara a Baltimore, ya fara yin sa da yawa a masana'anta. Abin da ya sa ƙasar zafi irin tamu ta samu rabo shi ne injin sanyaya da Bajamushe Carl von Linde ya inganta a shekarun 1870, daga nan ba sai an jira hunturun Turai ba.

A Afirka ta Yamma kamfanin Fan Milk ne ya yaɗa abin a titi, an kafa shi a Gana a 1960, daga baya ya buɗe a Ibadan, shi ne mai kekuna da akwatin sanyi a gaba. A Nijar hanyar ta yawur ce. Gwamnati ta kafa ma'aikatar madara ta OLANI a Yamai a farkon shekarun 1970, aka saida ta ga ƴan kassuwa a 1998 ta koma SOLANI, sannan Zeinabou Maïdah ta kafa Niger Lait a 1994. Maradi tana tsakiya, kayan Yamai na zuwa ta babbar hanya, kayan Najeriya na shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa, Katsina ko kilomita 100 ba ta kai ba daga nan. Amma abin da yaron Mayahi ko Dakoro ke sha kullum ba na kamfani ba ne, na cikin gida ne.

Yadda ake yi

Apolo shi ne gindin sana'ar, kuma kusan duka a hannun mata yake. Mace za ta jiƙa soɓo ko tsamiya ko ƙwame, wato garin ɗan kuka, ta tace, ta sa sukari da citta ko kanumfari, wasu su ƙara madarar gari a na ƙwame ya yi kauri da fari, sai a zauna da ƴan mata ana ɗurawa a leda ana ƙullewa, a jera a firiza ya kwana. Akwai kuma na garin kala na shago, ja da ruwan ɗorawa, yara na son shi don yana rina harshe, amma wanda ya taɓa shan apolon ƙwame da aka yi da kyau ya san ba a haɗa su. Kuɗɗinsa galibi dala biyar ne ko dala goma, wato sefa 25 ko 50, ribar kowane ƙulli kaɗan ce ainun, sai da yawa take taruwa, da ita mata da dama ke zubin adashi, su sayi sabulu da kayan lakwal na yara.

Akwai dalilin da ya sa apolo ke da tauri gilas ke da laushi. Ruwa in ya daskare a zaune manyan ƙwayoyin ƙanƙara yake yi, shi ya sa in ka tsotse zaƙin apolo ake barinka da farar ƙanƙara. Gilas kuwa ana juya shi ne yana daskarewa, juyin yana farfasa ƙwayoyin su zama ƙanana yadda harshe ba ya jin su, yana kuma cusa iska a ciki, har a wasu nau'o'in iskar takan kai rabin abin da ke cikin kofin. Maiƙon madara shi ke ba da santsi, sukari kuma ba zaƙi kaɗai yake yi ba, yana hana haɗin ya yi ƙarfi kamar dutse, wanda ya rage sukari da yawa don tsimi zai ga abinsa ya ƙi cokali.

Injin nan mai hannu da ake dannawa gilas ya fito a murɗe, na banil ko shokola ko firez, shi ake gani a wasu alimantasiyo da gidajen burodi da gidajen abinci na birni. Nashi gilas ɗin yana fitowa da sanyin kamar digiri 5 ƙasa da sifiri, shi ya sa yake narkewa nan take, a watan Afrilu kafin ka tsallaka titi ya fara bin hannu. Na roba da na leda da ake kawowa daga masana'anta kuwa digiri 18 ƙasa da sifiri yake so tun daga can har hannun mai saye. Wannan sharaɗi shi ne ya sa gilas na gaske ke wuya a ƙananan garuruwa, ba rashin masu so ba.

Wuta

In ana maganar kayan sanyi a jahar nan to maganar kuran ake yi. Babban layin da ke ba Maradi da Damagaram wuta daga Katsina yake shigowa ya sauka Gazawa, NIGELEC, ma'aikatar wutar ƙasa, ta rarraba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 Najeriya ta yanke wutar a farkon Agusta bisa takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, alhali wajen kashi 70 cikin 100 na wutar Nijar daga can take zuwa a lokacin, ba a maido ta ba sai Maris 2024. Manyan ƴan kassuwa masu gurup sun ci gaba da zuba mai, amma macen da jarinta duka ke cikin firiza guda, in wuta ta tafi tun dare ba ta dawo ba sai la'asar, kayanta sun koma ruwa, yawur ya yi tsami, kuma ba wanda zai biya ta. Wannan ɓarna ba a cika lissafa ta ba in ana maganar asarar takunkumi, kuma ya kamata a lissafa.

Masu sana'ar suna da dabarunsu. Ana cika ƙasan firiza da robobin ruwa su daskare, in wuta ta ɗauke su riƙe sanyin, ana rufe ta da bargo ko buhu, a hana yara buɗewa. Firiza mai murfi a sama ta fi firigo mai ƙofa riƙe sanyi, don iska mai sanyi nauyi gare ta, ƙasa take kwanciya, ba ta zubewa in an ɗaga murfin. Yawancin firizojin ma kwance ne, sun sha aiki a wata ƙasa kafin su iso, shi ya sa mai gyaran firigo da ɗura gas mutum ne mai daraja a kowane gari. Ƴan shekarun nan firiza mai aiki da hasken rana ta fara shiga garuruwan da layin NIGELEC bai kai ba, tsadarta a farkon saye take, pano da batir, bayan nan rana ce ke biya, rana kuwa ba mu rasa ta ba.

Inda babu ko ɗaya, ƙanƙara ce ke tafiya. Ana sayo ta a birni ko babban gari, a naɗe da buhu da garin katako ko ƙaiƙayi, a ɗaure bayan kabu-kabu ko a sa a motar kassuwa, mai tebur a ƙauye ya farfasa ta cikin kula ya jera lemu da piyawata da apolo a kai.

Lokaci da wuri

Kakar sana'ar bazara ce, Maris zuwa farkon Yuni, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 da rana. Da damina ta kankama ciniki ya ja baya, a hunturun Disamba da Janairu kuwa iyaye ma hana yara suke yi don tsoron mura da tari, wasu matan su koma soya ƙosai ko awara su jira. Azumi in ya faɗo cikin zafi, kamar yadda ya yi a 2023 da 2024, ƙanƙara ce sarauniya, daga la'asar za ka ga yara da kwanoni da kula a ƙofar duk gidan da aka san da firiza, kuɗɗinta na hawa yadda rana ke sauka, don hura da kunu da ruwan buɗa baki duk ita suke jira. Ranar salla kuma kuɗɗin barka da salla na yara da yawa a wurin mai gilas suke ƙarewa.

Wuraren ciniki sanannu ne, ƙofar lakwal da makarantar islamiyya, tasha, filin kokowa, sai ranar kassuwa, a Maradi Litinin da Juma'a. Baƙon da ya sauka ƙaramin gari yana neman abin sanyi ba allo zai nema ba, mafi yawan gidajen ba su da shi, yaro zai tambaya, yaron ya kai shi ƙofar gida ya shiga ya ce "Hajiya, wai a ba da apolo na dala goma", shi baƙon ya tsaya a zaure. Talla kuwa ƴan mata da yara ke yi da kula a kai, kuma nan akwai abin dubawa, don tallar tana cin lokacin karatun wasu.

Tsafta

Daskarewa ba ta kashe ƙwayoyin cuta, kwantar da su kawai take yi, da abin ya narke su farka. Saboda haka ruwan da aka yi apolo ko ƙanƙara da shi shi ne komai, jahar da ta ga kwalera a 2018, wadda ta fara a gundumar Madarumfa, ta sake gani a 2021, ba ta da dalilin yin wasa da wannan. Nonon da ba a dafa ba shi ma yana iya ɗauko tarin fuka da cutar bakkale daga dabba zuwa mutum. A masana'anta ana ɗumama madara zuwa digiri 72 na daƙiƙa 15, ko 63 na minti 30, a gida tafasawa ta wadatar. Wata ɗabi'a da ya kamata a bari ita ce hura leda da baki kafin a ɗura.

Gilas da ya narke aka sake daskararwa ana gane shi, yana yin garas-garas a baki kamar yashi, ya sunkuya gefe guda a robar, ƙanƙara ta taru a murfi. Ledar yawur da ta kumbura kuwa a maida ta. Ita ledar kanta matsala ce, dokar 2014 ta hana yi da shigo da leda mara kauri a Nijar, amma ƙofar kowace lakwal shaida ce ba a bin ta, kuma awaki da tumaki na cinye ta ta cushe musu ciki.

Madara da aya

Jahar Maradi na da shanu a Dakoro da Bermo, tana da jar akuyar da aka san ta da ita har ƙasashen waje, amma kusan duk yawur da gilas da ake yi a garuruwanta da madarar gari ake yin su, wadda ake shigowa da ita a buhu, wani kaso nata ma an cire man shanun an sa man ja a madadinsa. Dalilin a fili yake, nono yana yawa da damina lokacin da cinikin sanyi ya faɗi, ya yi ƙaranci da bazara lokacin da ake nema, kuma ɗanyen nono ba ya jure doguwar tafiya cikin rana ba sanyi. Madarar gari kuwa tana zaune a buhu wata da watanni.

Aya ta fi sauƙi. Jahar nan ita ce kan gaba a noman aya a Nijar, musamman wajen Agye, Madarumfa da Gidan Rumji, kuma aya busasshiya tana ajiyuwa shekara. In aka jiƙa ta aka markaɗa da dabino da kwakwa da ɗan citta aka tace, ruwan na da maiƙo da kauri na kansa, shi ya sa in ya daskare yake fin soɓo da tsamiya laushi, ya fi kusa da gilas. Aibinta ɗaya, saurin lalacewa, kunun aya da ya wuni a waje ya tashi daga aiki, don haka masu yin sa da asuba suke markaɗe, kaɗan kaɗan, daidai abin da firiza za ta ɗauka a ranar.