Baƙin man mota bai dace da babur ba

Masu ƙananan babura masu hawa kwalta da burji a Legas da yawa sun ɗauka baƙin mai duk ɗaya ne. Kuskure ne babba.

A irin wannan babur, mai guda ne ke wanke inji, giya da kulochi. Man mota na zamani kuwa yakan zo da sinadarin ƙara santsi, sai faifan kulochi su fara zamewa: inji na ihu, babur ba ya ja. Cunkoson Agege ko Mile 12, inda hannu ba ya barin kulochi, shi ke saurin ƙone su.

Ka duba jikin galan ka ga JASO MA ko MA2, wato alamar man da ya dace da kulochin babur. Kauri, 10W-40 ko 20W-50, bi littafin babur ɗinka. Injin 150cc kusan lita 1 yake sha. Kada ka cika ya wuce layin sandar awo.