Hanyoyin Gina Sana'a ga Ɗaliban Kimiyya da Injiniyanci a Legas

Hanyoyin gina sana'a su ne shirye-shirye, ofisoshi da ƙungiyoyin da ke taimaka wa ɗalibi ya tsallaka daga aji zuwa wurin aiki. Sun haɗa da koyon aiki a masana'antu, tallafin karatu, ɗakunan gwaje-gwaje, ƙungiyoyin ɗalibai da rajista da hukumomin ƙwararru. A Legas, wadda Hausawa da dama har yau suke kira Ikko, lamarin ya sha bamban da na sauran garuruwan Najeriya, domin masana'antu da tashoshin jiragen ruwa da manyan ofisoshin bankuna da na kamfanonin sadarwa duk suna gari ɗaya da makarantun. Ɗalibin da ke karatu a Akoka zai iya fitowa daga lacca da hantsi, ya hau danfo, kafin azahar yana bakin wata masana'anta a Ilupeju. Saboda haka abin da garin ke koya wa ɗalibi yakan kai wanda makarantar ke koya masa, wani lokacin har ya zarce.

Makarantun

Kwalejin Fasaha ta Yaba, wadda aka fi sani da Yabatech, ita ce dattijuwa. An kafa ta a 1947. Jami'ar Legas, wato UNILAG, ta zo a 1962, babbar harabarta na Akoka a bakin ruwa, kwalejin likitancinta kuma na Idi-Araba, unguwar da Hausawa suka daɗe da zama. Jami'ar Jihar Legas, LASU, an kafa ta a 1983 a Ojo, daura da kasuwar Alaba Rago, amma tsangayarta ta injiniyanci tana can Epe. A 2022 gwamnatin jihar ta mayar da kwalejin fasaharta ta Ikorodu jami'ar kimiyya da fasaha, LASUSTECH. Akwai kuma masu zaman kansu irin su Pan-Atlantic a Ibeju-Lekki da Caleb a Imota.

Digirin injiniyanci shekara biyar ne, yawancin darussan kimiyya kamar kimiyyar sinadarai, lissafi da kwamfuta kuwa shekara huɗu. Wannan a takarda ke nan. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba.

Koyon aiki a masana'antu

Wannan ne ginshiƙin komai. A 1971 gwamnatin tarayya ta kafa asusun horar da ma'aikatan masana'antu, ITF, mai hedkwata a Jos. A 1973 asusun ya ɓullo da shirin SIWES, saboda masu masana'antu na kukan cewa matasa na fitowa daga makaranta da takardu masu kyau alhali ba su taɓa riƙe sifana ba. Ɗalibai dai "IT" kawai suke ce masa. Mai karatun injiniyanci a jami'a yakan fita na wata shida a shekararsa ta huɗu, bayan ya yi wani gajeren horo a bitar makaranta tun yana aji biyu, inda ake koya masa walda, fiƙe ƙarfe da jan waya. Ɗalibin kwalejin fasaha yakan yi wata huɗu bayan shekarar farko, sannan ya yi shekara guda cur bayan ƙaramar difloma kafin ya nemi babba.

Kowace makaranta na da ofishin da ke kula da wannan shiri. A UNILAG sunansa CILPU. Ofishin ne ke ba ɗalibi takardar gabatarwa da littafin rubuta ayyukan kullum, ya kuma tura malami ya duba shi a wurin aiki. Nemo gurbin kuwa galibi a wuyan ɗalibin yake. Duk wanda ya ratsa rukunin masana'antu na Ikeja ko Oshodi a lokacin fitar ɗalibai zai ga matasa sanye da farar riga da baƙin wando, ambulan ruwan ƙasa a hannu, suna bin ƙofa-ƙofa. Mai gadi ya karɓi takardar, ya ce za a kira, ya ɗora ta kan wasu hamsin da suka riga ta. Wanda ya fara nema wata uku ko huɗu kafin lokaci, kuma ya san sunan sashen da yake so a ajiye shi, shi ne yakan dace.

Littafin ayyukan nan abin lura ne. Kowane shafi mako guda ne: layukan Litinin zuwa Juma'a, fili na zanen na'urar da aka yi aiki da ita, sai wurin sa hannu da hatimin mai kula da ɗalibi. Malamin da ya ƙware yakan gane littafin gaskiya da kallo ɗaya. Na wanda ya yi aikin za a gan shi da ɗigon baƙin mai, rubutun na canza biro daga mako zuwa mako, a ciki akwai ranar da injin ya ƙi tashi da abin da aka gano ya jawo. Na wanda ya kwanta a gida ya sayi hatimi kuwa fes yake, biro ɗaya, kamar an rubuta shi a dare guda, kuma sau da yawa hakan aka yi. Wannan al'ada ta yaɗu, kuma asararta kan ɗalibin take komawa, don a ganawar ɗaukar aiki tambayar farko ga sabon injiniya ita ce me ya yi a wata shidan nan.

Akwai ɗan alawus da ake biya ta hannun ITF, amma kaɗan ne kuma yakan makara. Wasu kamfanoni na ba da kuɗin mota, wasu ko sisi. A garin da zirga-zirga ke cinye aljihu da lokaci, nisan wurin aiki da gida abin lissafi ne tun kafin a karɓi gurbi. Jirgin ƙasa na layin shuɗi da ya fara aiki a 2023 tsakanin Marina da Mile 2, da na layin ja da ya biyo baya a 2024 daga Agbado zuwa Oyingbo ta Agege da Ikeja, sun rage wa wasu wahala.

Wuraren da ɗalibai ke nema sun bambanta da fanni. Masu lantarki na hangen tashar wutar Egbin da ke kusa da Ikorodu, mai ƙarfin megawat 1,320, da kamfanonin rarraba wuta na Ikeja da Eko. Masu injiniyancin sinadarai da na kanikanci na kallon Apapa, Ilupeju, da yankin Lekki, inda aka ƙaddamar da matatar man Dangote a 2023, wadda aka gina don tace ganga 650,000 a rana. Masu kimiyyar sinadarai da ta ƙananan halittu na zuwa cibiyar binciken masana'antu ta tarayya, FIIRO, da ke Oshodi tun 1956, ko cibiyar binciken lafiya ta Yaba, ko ɗakunan gwajin hukumar NAFDAC. Ba a raina ƙananan wurare ba: ɗalibin da ya yi wata shida a garejin gyaran janareto, ko wajen masu haɗa sola, sau da yawa ya fi taɓa aiki da hannunsa a kan wanda babban kamfani ya ajiye a ofis yana ɗaukar hoton takardu.

Yaba da harkar manhaja

Titin Herbert Macaulay, tafiyar 'yan mintoci daga ƙofar UNILAG da ta Yabatech, shi ne inda harkar fasahar zamani ta Najeriya ta yi saiwa. Bosun Tijani da Femi Longe sun kafa CcHUB, cibiyar tallafa wa masu ƙirƙirar fasahar zamani, a 2010, kamfanin Andela mai horar da masu rubuta manhaja ya fara a 2014, kuma a 2016 Mark Zuckerberg, mai kamfanin Facebook, ya kai ziyara unguwar. Paystack, kamfanin biyan kuɗi ta intanet wanda wasu matasa biyu suka kafa a Legas a 2015, kamfanin Stripe na Amurka ya saye shi a 2020. Bosun Tijani ya zama ministan sadarwa a 2023, ma'aikatarsa kuma ta fito da shirin 3MTT na horar da mutum miliyan uku. A cikin harabar UNILAG kanta akwai cibiyar NITHUB da ke koyar da rubuta manhaja da nazarin bayanai.

A wannan fanni ba a cika tambayar matakin digiri ba. Abin da mutum ya gina ake son gani. Shi ya sa ake samun ɗalibin injiniyancin gine-gine ko na lissafi ya ƙare yana aikin manhaja. Kuɗin shiga harkar shi ne kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda yawancin ɗalibai ke saya ta hannu a kasuwar kwamfuta ta Ikeja, sai data da wutar caji.

Tallafin karatu da takardar asali

Asusun bunƙasa fasahar man fetur, PTDF, da gidauniyar MTN, da kamfanonin mai da iskar gas irin su NLNG da Shell, suna ba ɗaliban kimiyya da injiniyanci tallafi ta hanyar jarrabawa. Yawancinsu na neman maki mai kyau tun daga shekarar farko ko ta biyu. A ma'aunin maki biyar, daraja ta ɗaya na farawa daga 4.50, babbar daraja ta biyu daga 3.50, kuma 3.50 ɗin nan ce iyakar da yawancin tallafi da tallace-tallacen ɗaukar sababbin ma'aikata ke gindayawa. Wanda ya yi sakaci a aji ɗaya yakan sha wuya kafin ya ɗago makinsa. A 2024 kuma aka buɗe asusun ba ɗalibai rance, NELFUND, ga 'yan makarantun gwamnati.

A nan 'ya'yan Hausawan Legas ke gamuwa da wani cikas na daban. Tallafin jihar Legas na 'yan asalin jihar ne, sauran masu ba da tallafi ma sukan nemi takardar shaidar ƙaramar hukuma. Yaron da aka haifa a Agege, aka haifi mahaifinsa a Agege, sai a ce ya kawo takarda daga Kano ko Katsina ko Sakkwato, garin da wataƙila sau biyu ya taɓa zuwa da salla. Iyayen da suka san dawan garin sukan nemo takardar tun yaro na sakandare, domin lokacin cike fom gajere ne, ba ya jiran tafiyar Arewa.

Ƙungiyoyi da sanayya

Kowane sashe na da ƙungiyar ɗalibansa. Akwai ta ɗaliban injiniyanci ta ƙasa, NUESA, da rassan ƙungiyoyin duniya kamar IEEE ta masu lantarki da SPE ta injiniyoyin man fetur, waɗanda ke shirya gasa da ziyarar masana'antu. Ƙungiyar mata injiniyoyi, APWEN, wadda aka kafa a 1982, tana jan ɗalibai mata a jiki. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi, MSSN, a Legas aka kafa ta a 1954, kuma darussan bita da manyan ɗalibai ke yi wa ƙanana a harabar masallaci sun ceci mutane da yawa daga faɗuwa lissafin aji ɗaya.

Akwai wata hanya da ɗaliban Hausawa ba su cika amfani da ita ba, alhali tana hannunsu. 'Yan kasuwar Mile 12 da Alaba Rago, masu manyan motocin Apapa da 'yan canji suna hulɗa kullum da manajojin masana'antu, kuma kalmar Alhajin da ke kai wa kamfani masara ko citta na iya buɗe ƙofar da ambulan ba ta buɗe ba. Jin Hausa shi ma jari ne. Kamfanonin sadarwa, na sola, na taki da na kayan masarufi da ke zaune a Legas suna da aiki a Arewa, kuma suna buƙatar injiniyan da zai iya yi wa mai unguwa bayanin dalilin kafa turken sadarwa a gonarsa.

Bayan kammalawa

Hidimar ƙasa ta NYSC, wadda aka fara a 1973, ita ce mataki na gaba; sansanin Legas na Iyana-Ipaja, kodayake wanda ya yi karatu a Legas galibi wata jihar ake tura shi. Tun 2012 ake koyar da sana'o'in hannu a sansanoni. Mai son kafa nasa zai iya neman rance daga asusun samar da aikin yi na jihar Legas, LSETF, da aka kafa a 2016.

Digiri kaɗai ba ya ba mutum izinin kiran kansa injiniya a doka. Hukumar COREN, da aka kafa a 1970, ita ke yi wa injiniyoyi rajista, bayan mutum ya yi aƙalla shekara huɗu yana aiki ƙarƙashin ƙwararru, ya rubuta rahoton ayyukansa, ya kuma fuskanci ganawa. Yawanci ana bi ta ƙungiyar injiniyoyi ta Najeriya, NSE, wadda aka kafa a Landan a 1958. COREN ce kuma ke tantance darussan injiniyanci a makarantu, don haka ya kamata a bincika matsayin sashe kafin a cike fom ɗin JAMB. A 2023 hukumar ta zama mamba ta wucin gadi a yarjejeniyar Washington, wadda ƙasashe ke amincewa da digirin injiniyancin juna a ƙarƙashinta. Masu kimiyyar sinadarai na rajista da hukumarsu, ICCON, masu kwamfuta da tasu, CPN. Masu babbar difloma kuwa COREN na yi musu rajista ne a rukunin masana fasahar injiniyanci, kuma mai son hawa matakin injiniya sai ya ƙara karatu, galibi diflomar gaba da digiri a jami'a.