Waiwaye: Man da muke ƙonawa da arzikin da yake haifarwa

Tun rikicin mai na 1973, lokacin da ƙasashen Larabawa suka tsuke bakin famfo har farashi ya ninka kusan sau huɗu, masana tattalin arziki suka dage da yi wa kowace ƙasa tambaya guda: makamashi nawa ake ƙonawa kafin a samar da arzikin dala ɗaya? Ƙasashe masu matsakaicin samu, ajin da Bankin Duniya ya sa Najeriya da Indiya da Sin, su tambayar ta fi shafa, domin su ne ke tsaka da gina masana'antun siminti da ƙarfe masu shan wuta.

Sin ta ɗauki abin da zafi. A shirinta na 2006 zuwa 2010 ta ƙudura rage wannan adadi da kashi 20 cikin ɗari, ta rufe ƙananan tashoshin kwal da tsofaffin masana'antu. Indiya ta yi dokar tattalin makamashi a 2001, daga 2015 kuma ta shiga sayar wa jama'a ƙwan LED da araha. A taron yanayi na Dubai a 2023, ƙasashe sun amince su ninka saurin wannan gyara kafin 2030.

Namu lissafin sai an yi hattara da shi. A 2014 da aka sake auna tattalin arzikin Najeriya, ya tashi zuwa kimanin dala biliyan 510, kusan ninki biyu. A takarda, nan take muka zama masu tattalin makamashi, alhali ko murhu ɗaya ba a canja ba. Haka durƙushewar masaƙun Kaduna, KTL a 2002 da UNTL a 2007, ta rage shan wuta, amma wa zai kira wannan ci gaba? Manomin audugar ƙasar Zazzau dai ya san abin da ya rasa.

Ainihin ɓarnar tana kan titi. Mai walda a Tudun Wada ya ja igiyar janareto, fiye da rabin man da ya zuba zafi da hayaƙi yake zama. Mai injin niƙa a Sabon Gari na tsiyaya man gas daga galan yana ƙirga kwanon masara. Mai tuwo kuwa, harshen wutar itacenta ta gefen tukunya yake fita, ga shi har gobe itace da gawayi ne mafi yawan makamashin gidajenmu. An kafa NEPA a 1972, ta koma PHCN a 2005, aka sayar da kamfanonin rarraba wuta a 2013, janareton bai huta ba.

Arhar fetur ce ta daɗe tana rufa wannan asiri. Da Shugaba Tinubu ya janye tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023, farashin lita ya ninka kusan sau uku cikin 'yan kwanaki. Daga nan ne faifan sola ya fara yawaita a rufin shagunan Samaru, galibi na masu cajin waya da masu sayar da ruwan sanyi, waɗanda ɗan jarinsu ya isa sayen batir.