Idan Rauta Ɗaya Ta Mutu, Wa Zai Karɓi Aiki? Tambayoyi Kan HSRP da VRRP

Ina da rauta biyu (na'urar da ke fitar da saƙonnin kwamfutocinmu zuwa waje), ai shi ke nan ko?

A'a. Kowace kwamfuta adireshi ɗaya ta sani a matsayin ƙofar fita, a ce 192.168.10.1. Idan na'urar da ke riƙe da shi ta mutu, can za ta ci gaba da aika saƙonta, ko da ga ta biyu lafiya lau a gefe. Maganin shi ne adireshi na tarayya: ta farko ta riƙe 192.168.10.2, ta biyu 192.168.10.3, su biyun su yi gadin 192.168.10.1. Har adireshin MAC ɗin, wato lambar shaidar na'ura a cikin hanyar sadarwa, ma na tarayya ne, shi ya sa kwamfutocin ba sa sanin an yi canjin hannu. Suwic (na'urar da ke haɗa kwamfutoci) mai iya aikin rauta ma haka ake yi masa, a kan kowane VLAN, wato rukunin kwamfutocin da aka ware a cikinsa.

HSRP zan ɗauka ko VRRP?

Su biyun hanyoyi ne na gudanar da wannan adireshi na tarayya. HSRP na kamfanin Cisco ne. VRRP kuwa ƙa'ida ce ta kowa, kuma sigarta ta uku da ta fito a 2010 ta haɗa da sabon tsarin adireshi na IPv6. In na'urorinka na kamfanoni daban-daban ne, VRRP kawai.

Yaya ta biyu ke sanin ta farko ta faɗi?

Ta hanyar sallama. A HSRP, mai aiki tana aika saƙon "ina nan" duk bayan daƙiƙa 3. In aka yi daƙiƙa 10 shiru, mai jira ta karɓa. VRRP duk daƙiƙa 1 take sanarwa, shirun daƙiƙa 3 da 'yan kai ya isa. Ana iya rage lokutan, amma ban ba da shawarar a matse su da yawa ba: na'urar da aiki ya ɗan yi wa yawa za ta makara da sallama, a ɗauka ta mutu, jagoranci ya yi ta kai-komo.

Me ake rubutawa?

Don HSRP, a suwic na Cisco da ake so ya yi jagoranci, cikin `interface vlan 10`: `standby 10 ip 192.168.10.1`, sai `standby 10 priority 110`, sai `standby 10 preempt`. Lambar fifiko 100 ce in ba a taɓa ta ba, wadda ta fi girma ita ke jagoranci. Layi na uku, wato `preempt`, shi mutane suka fi mantawa. In babu shi, rautar da ta farfaɗo ba za ta karɓi matsayinta ba, domin a HSRP a kashe yake tun asali, a VRRP kuma a kunne. Gara a ƙara masa `delay minimum 60`, don ta gama koyon hanyoyinta kafin ta karɓi kaya.

To idan rautar na raye amma layinta na waje ya yanke fa?

Nan ne gizo ke saƙar. Rautar tana ta sallama, ta biyu tana zaune tana jira, kwamfutoci suna turo saƙonni wurin da babu mafita. Fitilu duk kore, intanet babu. Dole a sa ta sa ido kan layin wajen da umarnin `track`, ta yadda in ya faɗi fifikonta zai ragu. A yi lissafin da kyau: 110 aka cire 10 ya koma 100, kunnen doki ke nan da ta biyu, ba wanda zai motsa. A cire 20, kuma ita ma ta biyun a kunna mata `preempt`, in ba haka ba ko ta fi fifiko ba za ta karɓa ba.

Ta yaya zan tabbatar ya yi?

`show standby brief` zai nuna wadda ke aiki da wadda ke jira. In ka ga su biyun kowace na cewa ita ce mai aiki, ba sa jin juna ne. Duba ko VLAN ɗin ya ratsa kebul ɗin da ke tsakaninsu. Daga nan ka saki `ping`, umarnin da ke aika saƙon gwaji yana jiran amsa, yana tafiya, ka zare kebul ɗin waje da hannunka a lokacin da ba a cikin aiki, ka ƙirga amsoshin da suka ɓace, ka mayar da shi ka sake ƙirgawa.