Harhaɗa Vim daga tushe da bin sawun kurakuransa: tambayoyin da ake ta maimaita mini

Tambayoyin nan na amsa su sau ba adadi, kullum kuma sai wani ya dawo da su kamar ba a taɓa yi ba. Ga su a wuri ɗaya. Da Vim zan yi misali, editan rubutun da marigayi Bram Moolenaar ya fitar a 1991, domin da C aka rubuta shi kuma ba ya cin lokaci wajen harhaɗawa. Mafi yawan abin da zan faɗa ya shafi Emacs da nano ma.

Me ake nufi da harhaɗawa daga tushe?

Ka ɗauko rubutun C da masu manhajar suka rubuta, ka miƙa wa kwamfaila ta mayar da shi fayil ɗin da kwamfuta za ta iya gudanarwa. Ka shiga folda `src`, ka buga `./configure`, sannan `make`. Shi ke nan.

GCC zan yi amfani da shi ko Clang?

Wanda ke kan kwamfutarka. Duka biyun kwamfaila ne, kuma suna harhaɗa Vim lafiya lau.

`make` ya zubo kurakurai sun fi ɗari, wanne zan turo maka?

Na farko. Don Allah na farko. Fayil ɗin `.h` guda ɗaya idan ya ɓace, duk layin da ya dogara da shi sai ya yi kuka, ɗarin nan da kake gani 'ya'yan kuskure ɗaya ne. Mutum ya turo mini layin ƙarshe mai cewa `Error 2` ya ce in taimaka, me zan gani a ciki? Idan da `make -j8` ka harhaɗa, wato ayyuka takwas a lokaci guda, saƙonnin sun cakuɗe, ka sake bugawa da `make` kaɗai. Kuma ka kwafo rubutun ka turo, ka daina ɗaukar hoton allo da waya.

`configure` ya tsaya ya ce `no terminal library found`, alhali ina da ncurses.

Kana da laburaren ncurses ɗin da manhajoji ke sarrafa allon taminal da shi, ba ka da fayilolin da kwamfaila ke buƙata. A Debian da Ubuntu ka sa `libncurses-dev`, a Fedora `ncurses-devel`. Bayan haka ka buga `make distclean` kafin ka sake `configure`, saboda yana ajiye sakamakon binciken baya a `auto/config.cache` ya ci gaba da gaskata shi. Ainihin dalilin tsayawarsa yana rubuce a `auto/config.log`, wanda kusan babu mai buɗe shi.

Na yi `make install` amma tsohon Vim ne ke buɗewa. Na ɓata wani abu ne?

Kwantar da hankalinka, ba abin da ya ɓaci. Sabon ya tafi `/usr/local/bin`, tsohon yana `/usr/bin`. Ka buga `hash -r`, sannan `which vim`. Shawarata ma ka riƙa ba `configure` umarnin `--prefix=$HOME/.local`, ba ka buƙatar `sudo`, ba ka taɓa fayilolin tsarin kwamfutarka ba.

A cikin gdb, manhajar bin sawun kurakurai, na buga `bt` don in ga jerin ayyukan da aka kira, sai alamar `??` kawai nake gani.

Ko dai ba ka sa `-g` a `CFLAGS`, wato zaɓuɓɓukan da ake miƙa wa kwamfaila, ba, ko kuma wanda aka girka kake bincika. `make install` na Vim yana gudanar da `strip`, ya kankare bayanan da gdb ke karantawa. Ka yi aiki da `./vim` na cikin `src`.

Vim yana mutuwa da `Caught deadly signal SEGV`, amma da na sake harhaɗa shi da `-g -O0` sai ya daina. Ya warke ke nan?

Bai warke ba, ya ɓuya ne. Wannan ita ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma ba ni da amsa guda da za ta yi wa kowa.

Mafi yawan lokuta abin da ke faruwa shi ne akwai wurin da manhajar ke taɓa ma'adanar (memory) da ba tata ba: ta karanta wurin da ta riga ta saki da `free`, ko ta zarce iyakar jeri, ko ta yi amfani da ƙimar da ba a taɓa sa mata komai ba. A `-O0`, wato ba tare da gyare-gyaren ƙara sauri irin na `-O2` ba, kwamfaila tana shimfiɗa abubuwa daban, sai ɓarnar ta faɗa inda ba ta kashe kowa. Laifin yana nan daram.

Abu na farko da nake yi shi ne in raba `-g` da `-O0`, domin mutane sun ɗauka tagwaye ne. `-g` bayanai kawai yake ƙarawa, ba ya sauya umarnin da GCC ke fitarwa. Saboda haka ka harhaɗa da `-g -O2`, sau da yawa mutuwar za ta dawo, wannan karon da sunayen ayyuka da lambobin layi. Za ka ga `<optimized out>` a madadin wasu ƙimomi, ka yi haƙuri da shi, ko ka gwada `-Og` wanda yake tsaka-tsaki. In kuma a waje yana mutuwa amma a cikin gdb ya ƙi, ka tuna gdb yana kashe sauya adireshin ma'adana da Linux ke yi a kowace buɗewa. `set disable-randomization off` zai mayar da shi. Wani lokaci wannan kaɗai ya isa, wani lokaci bai isa ba.

Sai dai wurin da manhaja ta mutu ba lallai ne shi ne wurin da aka yi ɓarnar ba, ana iya yin ta tun da daɗewa. Nan AddressSanitizer, mai sa ido kan yadda manhaja ke taɓa ma'adana, ke da amfani, yana cikin GCC tun 4.8 kuma yana cikin Clang. Ka sa `-fsanitize=address -fno-omit-frame-pointer` a `CFLAGS`, ka sa `-fsanitize=address` a `LDFLAGS`. Zai tsayar da editan daidai lokacin da ya taɓa wurin da bai kamata ba, ya nuna maka inda aka ware wurin da inda aka sake shi. Tunda edita ya mamaye allo, rahoton kan wargaje, don haka ka sa `ASAN_OPTIONS=log_path=asan.log` ya rubuta shi a fayil. Idan ya cika ka da ƙorafin ma'adanar da ba a saki ba wajen rufewa, ƙara `detect_leaks=0`, ba shi kake nema yanzu ba.

Amma fa AddressSanitizer ba ya kama ƙimar da ba a sa wa komai ba. Wannan aikin Valgrind ne, wata manhajar binciken ma'adana, da `--track-origins=yes`, a kan wanda aka harhaɗa ba tare da AddressSanitizer ba, su biyun ba sa zama tare. Zai yi nauyi ƙwarai, ninki goma ko fiye, kuma idan matsalar ta dogara da lokaci, kamar ta `timer` ko `job`, nauyin ma zai iya sake ɓoye ta.

Kwamfaila kan yi kuskure? Takan yi, amma da wuya. Ko da Clang ya fitar da mai lafiya GCC ya fitar da mai mutuwa, wannan bai ɗora wa GCC laifi ba. Ni sai na ƙare duk na sama kafin in zarge ta. Idan kuma ka san wata tsohuwar sigar Vim da ba ta mutuwa, `git bisect`, mai raba tarihin sauye-sauye biyu-biyu kana gwadawa, ya fi duk wannan sauƙi: cikin sauye-sauye 1,000, harhaɗawa goma za su kai ka ga mai laifin.

Rubutun gdb da na editan suna hawa kan juna.

Taminal biyu. Ka buɗe Vim a ɗaya, a ɗayar ka buga `gdb -p` da lambar aikinsa (PID). Idan Ubuntu ya hana, saitin tsaro na `ptrace_scope` ne, ka sa `sudo`.

Zan iya kai rahoto ga masu Vim yanzu?

Ka gwada da `./vim --clean`, mai buɗe Vim ba tare da saitunanka ba, tukuna? Idan da shi ma ya mutu, ka haɗa abin da `vim --version` ya nuna, da sakamakon `bt`, da matakan da ke jawo mutuwar, gajeru iya gajarta. Idan bai mutu ba, ka koma `vimrc` ɗinka, fayil ɗin saitunanka, ka riƙa cire rabi kana gwadawa har ka ga layin da ke tayar da ita, shi za ka haɗa a rahoton.