Hřensko

Hřensko ƙauye ne a gundumar Děčín, yankin Ústí nad Labem, a arewacin Jamhuriyar Cek. Yana daidai inda Kogin Kamenice ke zuba cikin Kogin Elbe, wanda 'yan ƙasar ke kira Labe, dab da iyaka da jihar Saksoni ta Jamus. Mazaunansa 'yan ɗaruruwa ne, har da na ƙauyukan Mezná da Mezní Louka da ke ƙarƙashinsa. A nan ƙasar Cek ta fi yin ƙasa, mita 115 kacal sama da teku, a wurin da Elbe ke ficewa zuwa Jamus.

Garin ba shi da fili. Gidajen a jere suke gefen Kamenice, duwatsun yashi kuma sun tokare su ta baya, don haka ake kafa ragar ƙarfe da shinge a jikin tsaunin saboda gangarowar duwatsu. A wannan yanki tsakiyar Elbe ce iyaka. Layin dogo na Děčín zuwa Dresden ya bi ɗaya gaɓar, shi ya sa tashar jirgin ƙasa mafi kusa, Schöna, tana cikin Jamus, sai an hau jirgin fito ake kai mata. Hanyar mota kuwa ta ƙauyen Schmilka take ƙetarawa.

An fara ambaton wurin a rubuce a 1475. A da, mazaunansa masu magana da Jamusanci ne, suna kiransa Herrnskretschen, kuma katako ne abincinsu: a sare itace a daji, a turo gumagumai ta Kamenice, a yanka wasu, a ɗaure sauran wuri guda a sake su bisa Elbe zuwa Saksoni. A 1938, bayan yarjejeniyar Munich, Jamus ta haɗiye yankin. Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu aka kori Jamusawan. Binciken kan iyaka ya ƙare a Disamban 2007, da Cek ta shiga tsarin Schengen na zirga-zirga ba shinge tsakanin ƙasashen Turai.

Yawon buɗe ido ya kankama ne a hannun gidan sarautar Clary-Aldringen, masu ƙasar a ƙarni na 19. A 1881 Yarima Edmund ya gina masaukin Sokolí hnízdo a gindin Pravčická brána, wata ƙofar dutsen yashi da ruwa da iska suka sassaƙa, wadda ta fi kowace irinta girma a Turai. Faɗinta mita 26.5, tsayin bakinta mita 16. Tun 1982 aka hana hawa samanta, domin sawun jama'a na cinye dutsen. A 1890 aka buɗe kwazazzabon Edmund, inda duwatsu suka matse Kogin Kamenice har babu wurin taka ƙafa. An datse ruwan ya taru, ana ɗaukar baƙi a kwale-kwale tsawon kusan mita 960, matuƙi na turawa da doguwar sanda. Kwazazzabo na biyu, Divoká soutěska, ya biyo baya a 1898. Duka suna cikin gandun ƙasa na České Švýcarsko da aka kafa a 2000.

Matsatsin kwarin shi ne babbar matsalar garin. Idan Elbe ya cika, sai ya tare bakin Kamenice, ruwa ya koma baya cikin gidaje, kamar yadda ya faru a 2002 da 2013. A Yulin 2022 kuma gobara ta tashi a dajin da ke kusa, ta cinye sama da hekta 1,000 da wasu gidaje a Mezná. Fari da iska ne suka rura ta, ga busassun itatuwan da ƙwaro mai cin ɓawo ya kashe, ga tsaunukan da motar kwana-kwana ba ta iya hawa, dole aka koma ga jiragen sama. Bayan gobarar an rufe kwazazzabon Edmund na wani lokaci saboda haɗarin faɗowar itatuwa da duwatsu.