Shimfiɗa tsohuwar jarida a lambun gida: tambayoyi da amsoshi

Mene ne amfanin rufe ƙasar lambu da jarida?

Babban aikinta shi ne tare hasken rana. Ciyawar da ta tsiro a ƙarƙashinta ba ta samun hasken da za ta rayu da shi, sai ta yi fari ta mutu tun kafin ta leƙo waje. Ƙasar da aka rufe kuma takan daɗe da danshi, don haka ban ruwa yana raguwa.

Yaya ake shimfiɗa ta?

A nan ne mafi yawan masu lambu suke kuskure. Da farko a cire manyan ciyayi, a ba ƙasar ruwa ta ƙoshi, sannan a jera jaridar falle 5 zuwa 8, bakin kowane kashi yana hawa kan na kusa da shi da kamar santimita 10, domin ciyawa ba ta raina ƙaramar kafa. Daga nan sai a jiƙa ta sharaf, a lulluɓe ta da busasshen ganye ko ɓawon itace mai kaurin santimita 5 zuwa 8. Wannan lulluɓin ba ado ba ne, domin jaridar da aka bari tsirara takan bushe ta ƙandare, ruwa ya riƙa zamewa a kanta maimakon ya ratsa, iska kuma ta kwashe ta. A bar ɗan fili kewaye da gindin kowace shuka, kada danshi ya ruɓar da shi.

Tawadar ba ta da illa ga kayan lambu?

Wannan fargabar tana da tushe, domin a da wasu tawadoji masu launi suna ɗauke da dalma. Tun daga shekarar 1987, lokacin da aka fara buga jarida da tawadar man waken suya a Amurka, gidajen jaridu da dama sun koma ga irinta. Duk da haka, a ganina gara a ware shafukan talla masu sheƙi da santsi, ko don jinkirin ruɓewarsu kaɗai.

Gaskiya ne tana cinye takin ƙasa?

Takarda tana da sinadarin kabon mai yawa, amma naitirojin, wato sinadarin taki da shuka ke buƙata, kaɗan ne a cikinta, saboda haka ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da ita sukan ari naitirojin daga ƙasa. Idan tana shimfiɗe a sama, abin ba ya wuce fatar ƙasar, amma idan aka kafce aka binne ta, ganyen shuka yana iya yin rawaya.

Ina ne ba ta dace ba?

Ba ta dace da inda aka yafa ƙananan iri ba, domin za ta danne tsiron kamar yadda take danne ciyawa. Ta fi dacewa da dashe. Ciyayi masu yaɗo ta ƙarƙashin ƙasa, irin su kiri-kiri, sukan bi gefe su fito. Gara kuma tana cin takarda, don haka inda take da yawa kada a kai shimfiɗar jikin bango ko wani abu na katako.